Minti Biyar Kafin Allura Ta Shiga Ƙashi



Sharhinmu na yau daga gadon asibiti ya taso, kuma da labarin kawuna zan buɗe shi, Allah ya ƙara masa lafiya. Mahauci ne, ya fi shekara 40 yana fawa. Shekarun baya jikinsa ya riƙa sanyi, jini na ƙare masa. A ƙara masa leda biyu, kafin wata ya zagayo ya sake ɗashewa kamar ba a yi ba. Da muka kai shi wani babban asibiti, likitan jini ya duba takardunsa ya ce sai an ɗebi ɓargonsa an auna. Kawu ya dube ni, ya dubi likita, ya ce, "Likita, ni fa na san ɓargo. Ba a kaiwa gare shi sai an sa gatari. Wanne daga ƙasusuwan nawa za ku fasa?" Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Sau biyu aka yi masa wannan gwaji, kuma tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ita ce ta sa na zauna gaban wannan makirufo yau.

A karon farko wani matashin likita ne, da layin mutane na jiransa a waje. Ya kwantar da Kawu a gefe ɗaya, ya goge masa ƙugu, ya tsira allurar kashe zafi, kafin ya ajiye sirinjin ma ya ɗauki babbar allurar. Ina bakin ƙofa ina jin salatin tsoho, ina jin nas na cewa, "Baba yi haƙuri, yanzu za a gama, kai fa namiji ne." Ya fito riga sharkaf da gumi, bai ce wa kowa uffan ba har muka isa gida. Bayan wata huɗu aka ce sai an maimaita don a ga ko magani ya kama. Kawu ya ce gara ya mutu a ɗakinsa. Mako uku muka yi muna lallashi, har sai da aka haɗa da amininsa da limamin unguwa.

A karo na biyu wata likita muka samu, mace, ba ta fi sa'ar 'yarsa ba. Ta jawo kujera ta zauna. Ta gaya masa da Hausa abin da za ta yi, daki-daki. Ta yi allurar kashe zafin a hankali, sannan ta dubi agogon bango, ta shiga tambayarsa yadda farashin shanu yake a kara. Da hira ta yi nisa sai ta ɗan ƙwanƙwasa ƙashin da ƙaramar allura, ta ce, "Baba, kaifi kake ji ko danni?" Ya ce akwai sauran kaifi. Ta ƙara magani, ta sake jira. Da ta zo wurin zuƙar ɓargon ta ce, "Baba, wannan wurin ba ni da maganinsa. Zan ƙirga uku, za ka ji kamar an fizgi jijiya har ƙafarka, ka ja dogon numfashi, kafin ka sauke shi ya wuce." Da aka gama, Kawu ya gyara hularsa ya ce, "Ashe haka abin yake? To shi wancan na farkon me ya yi mini?"

Ɗakin bai sauya ba, maganin ma shi ne dai. Abin da ta ƙara minti biyar ne da magana.

Kada a ce na zo in ci zarafin wancan matashin. Likitocin jini a ƙasar nan ba su da yawa, da dama sun tattara sun yi ƙasashen waje, wanda ya rage shi ke duba na ɗakin kwanciya, ya duba na waje, ya koma gaban madubin awo ya karanta gilashi. Mai irin wannan kaya a ka dole ya yi sauri. Sai dai saurin nasa ya jawo mana asarar mako uku, da cutar mai gaggawa ce da sai dai wani labarin.

Bari mu ɗan leƙa cikin ƙashin, don wanda bai san dalilin gwajin ba ya sani. Ɓargo shi ne masaƙar jini. Can ake ƙera jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska, wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, can ake ƙera fararen da ke yaƙi da cuta, da ƙananan da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Idan awon jinin hannu ya nuna akwai matsala amma bai nuna tushenta ba, sai a je masaƙar a duba. Da haka ake tabbatar da sankarar jini, da sankarar ɓargo mai cin ƙashin tsofaffi, da cutar da ke sa ɓargo ya daina aiki gaba ɗaya, da haka kuma ake gane ko wata sankarar ta bazu. Ana yin sa a sassan jini na manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri. Abu biyu ake ɗauka: ɗan ruwan ɓargo da bai cika cokalin shayi ba, da ɗan siririn gutsuren ƙashi mai tsawon kamar santimita 2. Mafi yawa daga bayan ƙashin ƙugu ake ɗauka, wurin nan da zane ke tokarewa idan an ɗaura shi.

Da can a ƙashin ƙirji aka fi yi. Wani likitan Rasha, Mikhail Arinkin, shi ya fito da hanyar huda ƙashin ƙirji a 1927 a birnin Leningrad. Ka ƙiyasta mutum a kwance yana kallon allura tana nufo saitin zuciyarsa. Har yanzu akan yi ta wurin a wasu lokuta, amma komawa ƙugu ya rage haɗari, ya kuma kawar da allurar daga idon mara lafiya. A 1971 Khosrow Jamshidi, likita ɗan asalin Iran da ke aiki a Amurka, ya fito da allurar da bakinta ya ɗan tsuke, yadda gutsuren ƙashi zai shige ciki bai murƙushe ba, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Maganin kashe zafin kuwa, lidoken, wani masanin haɗa sinadarai ɗan Suwidin, Nils Löfgren, ya haɗa shi tun 1943. Kun ga ke nan kayan aikin duk sun girmi yawancin likitocin da ke riƙe su.

To ina zafin yake fitowa? Wuri uku ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko allurar kashe zafin ce da kanta. Lidoken yana da tsami, shi ya sa yake yin raɗaɗi kamar harbin rina kafin wurin ya mutu. Duk matar da ta taɓa yin miyar yakuwa ta san abin da ke kashe tsami: kanwa. Likitoci ma suna da tasu, wani ruwan sinadari tsaftatacce da ake kira bayikabonet, wanda in an zuba kashi ɗaya cikin kashi tara ko goma na lidoken, raɗaɗin ya ragu sosai. Ban ce kowa ya jiƙa kanwar kicin ya tafi da ita asibiti ba, don Allah. Ɗumama kwalbar a tafin hannu, da amfani da siririyar allura, da tura maganin sannu a hankali, su ma duk suna ragewa, kuma ba su cin ko sisi.

Na biyu shi ne babba. Akwai wata siririyar fata mai kama da yana da ta lulluɓe ƙashi, mahauta sun san ta, sukan kankare ta da wuƙa. Jijiyoyin jin zafi a cunkushe suke a cikinta. Ita ce ke sa ka ga taurari idan ka buga ƙwaurinka da turmi. In likita ya kashe fatar waje kawai ya bar wannan, bai yi komai ba. Sai ya kai bakin allura har ya taɓa ƙashi, ya zuba magani nan, ya ɗan matsa ya zuba can, ya kewaye fili kamar faɗin kwabo, don babbar allura ba lallai ta sauka daidai inda ƙaramar ta sauka ba. Sannan ya jira. Magani yana bukatar mintuna kafin ya ratsa, kamar yadda gishiri ke bukatar lokaci kafin ya shiga nama. A nan wancan matashin ya yi wa Kawu laifi, a nan kuma likitar ta biyu ta tsaya hirar shanu. Hirar ma aiki ce: ta cika mintunan jira, ta kuma ɗauke hankalin tsoho.

Na uku shi ne zuƙar. Idan an ja sirinji, ɓargo ya taso daga cikin ƙashi, akan ji wani irin fizga mai zurfi, wani lokaci har gangaren cinya. Lidoken ba ya kaiwa can ciki. Amma daƙiƙu ne, kuma an gwada an gani cewa ja a hankali ya fi fizgar gaggawa sauƙi. Abin da ke mayar da shi azaba shi ne ya zo wa mutum ba zato. Wanda aka ce masa "ba zafi ko kaɗan" sannan ya ji wannan, daga ranar ya daina yarda da duk abin da mai farar riga zai faɗa. Ni a ganina wannan ƙaryar ta lallashi ta fi allurar ɓarna.

Akwai waɗanda allurar wuri kaɗai ba ta isar su. Mai tsananin fargaba, wanda ya taɓa shan wuya a gwajin baya, matashi mai taurin ƙashi, mai ƙiba da sai an lalubo ƙashinsa. Ga irin waɗannan akwai ƙari. Akwai ƙwayar kwantar da hankali da ake sha kafin a fara, akwai midazolam ta jijiya wadda ke sa gyangyaɗi har mutum ya manta yawancin abin da ya faru. A Ingila sukan ba mara lafiya wata iska ya shaƙa da kansa, rabi iskar numfashi rabi iskar nan da ake wa laƙabi da mai sa dariya, wadda suka daɗe suna ba mata masu naƙuda. A Ostareliya suna da wani ɗan koren bututu mai kama da usur da ake zuƙa. An kuma ƙera wata na'ura mai batir da ke huda ƙashin cikin daƙiƙu, tana rage tsawon aikin tana fito da gutsure mai kyau, sai dai allurarta sau ɗaya ake amfani da ita kuma da tsada, batun rage zafi kuwa binciken da aka yi bai zo da murya ɗaya ba. Ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran ta ba alhali ba mu gama cin moriyar agogon bango ba. Abin da zan roƙa dai, allurar da ta dakushe a jefar da ita. Kawu ya ce ko rago ba a yankawa da dakusasshiyar wuƙa.

Nan ma sai mun faɗi wata gaskiya. Tun da shan taramol da kodin ya zama annoba a garuruwanmu, har gwamnati ta hana ruwan tari mai kodin a 2018, sai tsoro ya kama kowa. Wasu ma'aikatan lafiya na ɗari-ɗarin rubuta maganin zafi mai ƙarfi, wasu iyalai na ƙin karɓa don kada ɗansu ya zama ɗan ƙwaya. Ƙwaya ɗaya da likita ya bayar a asibiti, a gabansa, saboda aikin rabin sa'a, ba ita ta lalata samarinmu ba. Kada laifin 'yan kasuwar bayan fage ya faɗa kan mai sankara.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi ƙuna: yara. Yaro mai sankarar jini ba sau ɗaya ake ɗibar ɓargonsa ba, ana maimaitawa a tsawon jinya. Ba ya fahimtar ƙirga uku, ba ya hirar shanu. Abin da ya sani shi ne manya huɗu sun danne shi, uwarsa na tsaye a waje tana kuka ba ta cece shi ba. Har cikin shekarun 1980 akwai likitoci a Turai da Amurka da ke yi wa jarirai tiyata ba tare da isasshen maganin zafi ba, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba, sai da binciken wani likita, Dakta Anand, na 1987 ya rusa wannan zato. A 1998 kuma wasu likitocin yara a Amurka suka gano wani abu da ya kamata kowane asibiti ya rubuta a bango: ƙananan yaran da ba su samu isasshen maganin zafi a gwajin farko ba, ko da an ba su mai kyau a na gaba, sun ci gaba da jin zafi fiye da 'yan'uwansu. Jiki magayi, ba ya mantuwa. Shi ya sa a asibitocin yara na ƙasashen da suka ci gaba ake sa yaron barci kafin a taɓa shi. Mu ma ba mu rasa abin yi ba. Ketamin magani ne mai araha, an san shi tun shekarun 1960, kusan duk ɗakin tiyata a Afirka yana da shi. Sharaɗinsa a samu wanda ya ƙware a sa barci, da iskar numfashi a kusa, da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, kuma yaron ya yi awa shida bai ci abinci ba. Wannan tsari ne kawai: a ware safiya ɗaya a mako, a tara yaran, mai sa barci ya zo. Danne yaro da ƙarfin tuwo a huda masa ƙashi ido biyu, a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ni ban ga uzurinsa ba.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mun taso ana yabon dauriya. Yaro a gaban wanzami ba ya kuka, mace a kan gwiwa tana cije leɓe don kada surukai su ji, dattijo kuwa ai ba ya cewa wayyo a gaban 'ya'yan cikinsa. Hali ne mai kyau a wurinsa. Amma a kan gadon gwaji shirun nan yaudarar likita yake yi, ya ɗauka magani ya kama alhali mutum yana haɗiye azaba. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani bai ci karo da tawakkali ba, kuma rage zafi ma magani ne. Haƙuri na abin da ba shi da makawa ne, irin fizgar nan ta daƙiƙu. Wanda ake iya kawarwa da ƙarin cokali ɗaya na lidoken, faɗar sa ba ragwanci ba ne. Su kuma ma'aikata su rage yi mana "yi haƙuri" a wurin da ya kamata su ce "bari in ƙara magani".

Sai jita-jita. Na ji da kunnena ana cewa wanda aka ɗebi ɓargonsa ƙafafunsa za su shanye, ko ya rasa ƙarfin iyali. Asalin ruɗanin, ana haɗa ɓargo da laka. Laka ita ce igiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, allurar ɓargo kuwa a gefe take shiga, a ƙugu, nesa da ita. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci abin ya fi rikice musu, don a harshen kalma ɗaya ce ke ɗaukar duka biyun. Mu Hausa ta raba mana su tun fil azal, sai mu yi amfani da rabon. Ɗan abin da ake ɗiba kuwa jiki na mayar da shi nan da nan. Masu ba da kyautar ɓargo don a dasa wa ɗan'uwa akan ɗebi kusan lita guda a jikinsu, cikin makonni ya dawo. Game da haɗari, wata farfesar jini a Landan, Barbara Bain, ta tattara alƙaluman Birtaniya daga 1995 zuwa 2001: gwaji 54,890, matsala mai tsanani sau 26, mafi yawansu zubar jini, mutum ɗaya ya rasu. Saboda zubar jinin nan ne ya zama wajibi mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a fara.

Wani sauƙin kuma shi ne kada a yi gwajin in akwai mafita. A jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da yawa ke noma, akwai zazzaɓin kala'azar mai kumbura saifa, wanda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗawa. Da sai an zuƙo ruwan kaluluwa ko na ɓargo ko na saifa kafin a tabbatar da shi, yanzu ɗigon jinin yatsa yana wadatarwa ga mafi yawan sababbin kamu. Haka masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, waɗanda ke shan ƙwayar imatinib: da zarar an tabbatar da cutar, yawancin bibiyar da jinin hannu ake yi. Ba laifi ba ne ka tambayi likita me sakamakon zai sauya a jinyarka.

Kuma tambayar haƙƙinka ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi, kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 kuma ya ce a yi bayanin da harshen da mutum ke ji. Takardar Turanci da aka miƙa wa tsoho ya dangwala yatsa ba ta sauke wannan nauyi ba.

Saboda haka mai sauraro, in an ce za a ɗebi ɓargonka ko na wani naka, kada ka gudu gida. Ka je, amma ka buɗe baki. Ka ce a gaya maka matakan da Hausa. Ka roƙi a bar wani naka ya riƙe maka hannu, ko ka sa abin ji a kunne ka saurari karatu ko abin da ke kwantar maka da rai. In ka taɓa shan wuya a baya, ka faɗa tun a ranar da aka sa maka lokaci, don a tanadi ƙarin magani. In yaro ne, ka tambaya ko za a sa shi barci. In ka ji kaifi, ka ce "Likita, da saura." Bayan an gama ka kwanta rigingine na 'yan mintuna don wurin ya dannu, ka bar bandejin a bushe kwana guda, ka sha farasitamol in ya yi tsami, ka guji magungunan ciwon jiki na kemis sai da izinin likita. Jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko kumburi mai ƙaruwa, ka koma asibiti a ranar.

Ku kuma likitocinmu da shugabannin sassan jini, mun san nauyin da ke kanku, Allah ya saka muku da alheri. Roƙonmu, ku koya wa ƙananan likitoci wannan jiran kamar yadda kuke koya musu riƙon allura, ku rubuta a fayil yadda mara lafiya ya ji a gwajin farko don na biyu ya fi shi sauƙi. Bayan kun yi allurar kashe zafi, ku ɗaga kai ku dubi agogo, ku ba ta minti biyar ɗinta.